Haraji da Magani a Ƙasar Dutse

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin 'yan boko da matafiya, watau wace ƙasa ce ta fi tatsar mutanenta haraji, wace ce kuma ta fi kula da su in ciwo ya kwantar da su. Wanda ya zauna a Ingila sai ya ce a can hukuma kan yanke kashi 20 ko 40 cikin ɗari daga albashin mutum, amma ba a tambayar majiyyaci ko sisi a ƙofar asibiti. Alhajin da ya taɓa yin rashin lafiya a Makka kuwa sai ya ce a Saudiyya ba a san harajin albashi ba, ga shi kuma an duba shi an ba shi magani kyauta. Daga nan sai a juyo gida, a yanke hukunci cewa ai talakan Nijeriya ba ya biyan haraji, saboda haka ba shi da bakin kuka in ya tarar da asibiti ba magani. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan hukunci da tarihin ƙasar Dutse da maƙwabtanta, watau Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram. Abin da tarihin ya nuna shi ne mutumin wannan yanki ya daɗe yana biya, har yanzu ma yana biya, sai dai ba a taɓa ƙulla abin da yake bayarwa da abin da ake yi masa ranar ciwo ba.

Kalmomin kansu suna da abin faɗi. Haraji da zakka da Baitulmali duk daga Larabci Hausa ta aro su, ta hanyar littattafan fiƙihu, haka ma kalmar lafiya. Asibiti da likita kuwa daga Ingilishi suka shigo, bayan 1900. Watau Bahaushe ya san sunan abin da hukuma ke karɓa daga hannunsa ƙarnuka da dama kafin ya san sunan gidan da hukuma za ta yi masa magani.

Kafin Zuwan Turawa

Dutse tsohon gari ne. Tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452), wanda aka ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Littafin ya kuma ba da labarin yaƙin da Sarki Kumbari (1731–1743) ya kai wa Dutse a zamanin Ada. Shi wannan Kumbari shi ne wanda aka ce ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma, har Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Jangali kuwa ya riga wannan, don tun zamanin Kutumbi (1623–1648) aka fara karɓarsa daga Fulanin ƙasar Kano. Ba abin mamaki ba ne da masu jihadi suka sa irin waɗannan kuɗaɗe cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. A cikin Kitabul Farƙi an jera jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa, aka ce duk ba su da tushe a shari'a.

To amma mulki ba ya tafiya ba kuɗi. Bayan jihadi, da Dutse ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan gabashin Kano, yawancin waɗannan kuɗaɗe sun dawo, wasu da sunansu na da, wasu da sabon suna. Manomi yana fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Yana biyan kuɗin ƙasa. Mai lambu yana biyan kuɗin rafi, marini yana biyan kuɗin karofi, Maguzawa suna biyan jiziya, Fulani suna ba da jangali. Da wuri ake biya, ko da hatsi da dabbobi, jakadu ne kuma ke kai-kawo tsakanin gari da hakimin da ke zaune a birnin Kano.

Me talaka ke samu a madadin wannan? Tsaro da shari'a. A rabi na biyu na ƙarni na 19 Ningawa sun addabi wannan kusurwa ta ƙasar Kano da hare-hare, saboda haka ganuwa da mahaya dawaki ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Birnin Kudu ko na Gwaram. Magani kuwa ba ya cikin aikin sarauta, ba kuma wanda ya zaci yana ciki. Aikin wanzami ne da ungozoma da maɗori da mai saiwoyi da malamin da ke ba da rubutu. Makafi da kutare suna da sarakunansu, suna rayuwa da sadaka da abin da ya samu daga rumbun zakka. A nan akwai wata al'ada da ta cancanci a dakata a kanta. A ƙauye, wanzamin gida ba kullum ake biyansa nan take ba. Yana aski, yana ƙaho, yana cire belu, yana kaciya, in kaka ta yi sai maigida ya aika masa da dami, ko an yi ciwo a gidan a wannan shekara ko ba a yi ba. Duk wanda ya lura zai ga ai wannan ita ce hikimar da ke cikin abin da yau ake kira inshorar lafiya: a biya lokacin da ake da shi, a sami aiki lokacin da ake bukata. Ba daga Turai tunanin ya fara zuwa ƙasar Hausa ba.

Baitulmali da Disfensare

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Ba su ɓata lokaci ba wajen gyara hanyar kuɗi. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta buɗe hanyar haɗe kuɗaɗen nan iri-iri su zama abu guda, wanda aka riƙa kira haraji, sai jangali da aka bari dabam. Aka kawar da jakadu, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su tare a ƙasashensu. Dutse ta zama gunduma, haka Birnin Kudu da Gwaram da Jahun. Aka kafa tsani: mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Kano, malamin haraji yana biye da takardar ƙidaya da rasit. Wajen 1911 Baitulmali ya kafu sosai, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Da fari raba-daidai ake yi tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, daga 1928 aka ɗaga rabon manyan En'e irin ta Kano zuwa kashi 70 cikin ɗari, ko da yake an sake rage shi a shekarun karyewar tattalin arziki da suka biyo baya.

Babban sauyin da talaka ya ji a jikinsa shi ne an daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Bature. Dole ya nemi sule. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai gyaɗa ta zama amfanin gonar biyan haraji. Wanda gyaɗarsa ba ta yi ba ya sayar da hatsin da iyali za su ci, a daidai kaka lokacin da hatsi ya fi araha, ko ya tafi cin rani. A ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa, harajin nan harajin samu ne, ana ƙiyasta dukiyar gari a ɗora masa jimla, dagaci ya raba wa mutane gwargwadon ƙarfinsu. A aikace sau da yawa ya koma kuɗin kai: kowane baligi namiji da nasa, mai shi da marar shi ba su da nisa sosai. Zakka tana raguwa in damina ta gaza, don dami ɗaya cikin goma ne na abin da aka samu. Haraji ba ya raguwa sai hukuma ta ga dama, abin da ya sa yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta sami mutane da rumbuna a bushe. Dattawa har yau suna ba da labarin shanya mutum a rana a ƙofar gidan dagaci, da gudun haraji, da yadda makiyaya ke ɓoye shanu a daji in an ji malamin jangali na tafe.

Ina kuɗin suke zuwa? Kaso mafi tsoka albashin masu mulki ne, sarki da hakimai da dagatai da alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Bayan wannan sai ayyuka, ayyukan kuwa birni ya fi cin moriyarsu. A ƙarshen shekarun 1920 En'e ta gina asibitin birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala Muhammad. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) ta kashe maƙudan kuɗi wajen kawo ruwan famfo da lantarki birnin, aka buɗe aikin a 1931. Rarar da ta saura kuma ana ajiye ta ne a Ingila tana kawo riba. Ba za a ce waɗannan ayyuka ba su da amfani ba. Amma sulen manomin Dutse na cikin tubalin asibitin nan, alhali kuwa tsakaninsa da ƙofarsa tafiyar kwana biyu ko uku ce a ƙasa, ko a kan jaki ga wanda ba ya iya tafiya.

Abin da ya iso gundumomi shi ne disfensare. Daga shekarun 1930 En'e ta shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a manyan garuruwan hakimai, kowanne da malamin asibiti guda, wanda aka horar ya wanke gyambo, ya ba da maganin tsutsar ciki da na ƙaiƙayi da na zazzaɓi, ya yi allura. Aka kafa Makarantar Tsabta a Kano a 1932 don horar da duba-gari. Masu lamba suna zagawa saboda agana. Ma'aikatan ciwon barci ma sun riƙa bin garuruwan bakin kogi suna lalube wuyan mutane, suna sa a sare kurmi don a kori tsando. Kutare kuwa a 1937 aka miƙa wa mishan kula da su, a wurare irin su Yadakunya kusa da Kano. Magani a disfensare kyauta ne ko kusa da kyauta, wannan gaskiya ne, ya kamata a faɗe ta. Amma ɗaki ɗaya da malami ɗaya ga gundumar da ke da dubban gidaje, ai ɗigon ruwa ne a kan yashi. Mace mai naƙuda da haihuwa ta gardame mata ba ta da abin da za ta samu a can. Mafi yawan aikin ma na tare annoba ne, watau cututtukan da ke iya rage yawan masu noma da masu biyan haraji. Ga talaka, duba-gari da ke leƙa randa ya ci tara ya fi kama da ɗan'uwan malamin haraji fiye da ɗan'uwan likita.

A nan ne kwatance da Ingila yake da ma'ana, domin gwamnati ɗaya ce ke mulkin London da Dutse a lokacin. Harajin samu a Ingila ba don magani aka ƙirƙiro shi ba. Firayim Minista William Pitt ne ya kawo shi a 1799 don yaƙi da Faransa, aka soke shi a 1816, aka maido shi a 1842, ya kuma daɗe masu hali kaɗai yake shafa. A 1911, shekarar da Baitulmali ke kafuwa a Kano, majalisar Ingila ta yi dokar inshora wadda ta ba ma'aikata damar ganin likita. Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo miliyoyin leburori cikin masu biyan harajin samu, a 1944 aka fara yanke shi daga albashi kai tsaye. Waɗannan leburori suna da ƙuri'a. A 1945 suka zaɓi jam'iyyar Leba, ranar 5 ga Yuli 1948 kuma ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ke duba kowa kyauta, ana biyan kuɗinta daga haraji. Jamus ta bi wata hanya tun 1883, zamanin Bismarck, inda ma'aikaci da mai ba shi aiki ke zuba kuɗi cikin asusun ciwo. Amurka ba ta ɗauki ko ɗaya gaba ɗaya ba, sai a 1965 ta yi tsari ga tsofaffi da matalauta, sauran jama'a yawancinsu suka dogara ga kamfanonin inshora. Abin lura shi ne a Ingila ba yawan harajin ne ya haifi asibitin kyauta ba. Mai biya ne ya sami ikon tambayar inda kuɗinsa suka tafi. Manomin Dutse a 1948 ya yi shekara arba'in yana karɓar rasit, amma ba shi da ƙuri'a, ba ya kuma ganin kasafin Baitulmali.

Soke Haraji

Wannan rashin baki shi ne abin da NEPU ta kama tun kafuwarta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano da mabiyansa sun mai da haraji da jangali da aikin tilas manyan tutocin gwagwarmayarsu, ƙauyukan gabashin Kano kuwa sun ba su magoya baya da yawa. Bayan mulkin kai, dokar harajin mutum ta Jihar Arewa ta 1962 ta kawo yanke haraji daga albashi, sai aka sami aji biyu: ma'aikaci da babban ɗan kasuwa suna biyan harajin samu ga gwamnati, talaka yana biyan harajin gari ga En'e. An kafa Jihar Kano a 1967, an yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 wanda ya kawo ƙarshen En'e, duk da haka takardar haraji ba ta daina zagawa ba. Sai a watan Oktoba na 1979, da jam'iyyar PRP ta karɓi mulki, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna, wasu jihohi suka bi sahu. Cikin 'yan majalisar tarayya na PRP a wannan lokaci akwai Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wanda za a sake ambata a gaba.

Babu shakka sokewar nan adalci ce. Haraji ya riga ya zama sandar dukan abokan hamayya, abin da ake kashewa wajen tara shi ma ya kusa cinye amfaninsa. Amma abin da ya ba da damar soke shi shi ne kuɗin man fetur. Haka ya faru a ƙetaren iyaka: a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta Nijar ta ɗauke wa talakawa kuɗin kai saboda arzikin yuraniyam. Ƙasashen biyu sun ɗan ɗanɗana abin da Saudiyya ke ciki, inda rijiya ke biyan abin da a wani wuri aljihun jama'a ke biya. Bambancin shi ne rijiyar Saudiyya ta fi zurfi, masu sha kuma ba su kai yawan na Nijeriya ba. A ƙarƙashin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an yi ta gina cibiyoyin lafiya a karkara, da yawa ba a gama su ba farashin mai ya faɗi. Gwamnatin soja ta 1984 ta maido da haraji, amma bai sake yin ƙarfin da ba. Dokar 1998 da ta jera kuɗaɗen da kowace hukuma za ta karɓa ta bar wa jihohi kuɗin raya ƙasa na naira 100 a shekara a kan kowane mutum, abin da bai isa sayen ƙwayar zazzaɓi ba yanzu.

Da kuɗin mai suka ja baya, sai aka juyo kan majiyyaci. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, ɗakunan ajiyar asibitoci suka bushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin sayar da magani a cibiyoyin lafiya, a riƙa juya kuɗin ana sake sayowa. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa kiwon lafiya matakin farko da rigakafi, amma daga wannan zamani ne mutane suka saba da a rubuta musu takarda a ce su je kemis. Harajin da aka kora ta ƙofa sai ya dawo ta taga, ya kuma dawo da mummunar siffa. Na da ana raba shi ga dukan baligan gari sau ɗaya a shekara. Na yanzu marar lafiya kaɗai yake faɗa wa, a ranar da ba ya iya aiki.

Nijar ta yi wani gwaji a 1993 wanda ya dace da wannan magana sarai. A gundumar Say aka ce majiyyaci ya biya sefa 200 a kan kowace rashin lafiya, yaro 100. A gundumar Boboye kuwa aka ƙara sefa 200 a shekara a kan harajin gunduma na kowane mai biya, sa'an nan majiyyaci ya ba da sefa 50 kacal, yaro 25. A duka biyun an wadata cibiyoyi da magani. Da aka auna, sai aka ga zuwa asibiti ya fi ƙaruwa a Boboye, musamman a tsakanin matalauta da mata da yara. Watau dami ga wanzami a kaka ya fi biya ranar ciwo. Duk da haka, da aka zo baza tsarin a ƙasa bayan dokar 1995, biya a ƙofa ne ya yi rinjaye, don ya fi sauƙin karɓa. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, Nijar ta mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, bayan fiɗar haihuwa da aka riga aka 'yanta, sai dai jinkirin gwamnati wajen biyan cibiyoyi kuɗinsu ya raunana shirin. Gana ce ta yi ƙulli mafi ƙarfi a yankin. A 2003 gwamnatin John Kufuor ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, ta ɗora kashi biyu da rabi cikin ɗari a kan harajin kayan saye, aka kira shi da sunan lafiya. Bahaushen zango a Kumasi ko Nima in ya sayi kaya ya san wani abu ya tafi asusun da katinsa ke ci. Tsarin yana fama da bashi da jinkiri, amma aƙalla mai biya ya san abin da zai nuna ya yi ƙorafi.

Bayan Kafa Jihar Jigawa

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka kafa Jihar Jigawa, Dutse ta tashi daga garin hakimi na da ta zama babban birni. Kuɗin da a da ke fita daga Dutse zuwa Kano yanzu daga asusun tarayya suke gangarowa zuwa Dutse kowane wata. Abin da jihar ke tarawa da kanta ƙaramin kaso ne na abin da take kashewa, cikinsa ma babban rabo daga albashin ma'aikata ake yankewa. An sami ci gaba wanda ba mai musunsa. Asibitin Birnin Kudu ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, an gina Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, wanda daga baya ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011. A 2007, da Sule Lamido ya zama gwamna, aka yi dokar da ta haɗe ƙananan cibiyoyi da manyan asibitoci a ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka raba jihar shiyya tara. Sunan da aka zaɓa wa tsarin shi ne Gunduma. Kalmar da Turawa suka yi amfani da ita wajen yanka ƙasa don tara haraji ita aka ɗauko bayan shekara ɗari don raba magani. A wannan shekara kuma aka fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata. Daga baya an sauya tsarin Gunduma da hukumar kiwon lafiya matakin farko.

To amma kuɗin wa ke aikin? Kuɗin mai, da harajin kayan saye da ake rabawa daga Abuja, da kuma taimakon waje. Shirye-shiryen gyaran lafiya da hukumar DFID ta Ingila ta ɗauki nauyi a Jigawa daga 2002 da harajin mutanen Ingila aka yi su. Sashen haihuwa da gyaran yoyon fitsari na asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, da gudummawar mutanen wasu ƙasashe yake tafiya, mata kuma suna zuwa daga nesa don ba a karɓar kuɗi. Alheri ne, amma wanda aka yi wa alheri godiya ce tasa, ba tuhuma ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fita kai tsaye, alhali a Ingila kusan kashi huɗu cikin biyar gwamnati ke biya. Saboda haka mai cewa talakan Kiyawa ba ya biyan komai, sai ya je kasuwar Shuwarin ya tambayi dalilin da ya sa ake sayar da akuya mai ciki ko buhun ridi tun kafin farashi ya tashi.

Dokokin baya-bayan nan suna laluben hanyar ƙulla igiyar. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005 da ma'aikatan tarayya. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya matakin farko. Dokar 2022 ta ce inshora wajibi ce a kan kowa, Jigawa ma ta kafa tata hukumar asusun taimakekeniya. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta yafe naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, ta tsayar da mafi girman kaso a kan 25 cikin ɗari, abin da ke nufin mafi yawan manoman wannan yanki ba su cikin masu biyan harajin samu ko a takarda. Ma'aikaci dai da sauƙi, daga albashinsa ake yanke kuɗin inshora kamar yadda ake yi a Jamus. Wuyar aikin tana ga manomi da makiyayi da mai dabino, waɗanda samunsu na kaka ne, ba na wata ba. Kafin a karɓi wani abu daga hannunsu, ko a yafe musu a biya musu daga asusu, sai an san su, an ƙidaya su gida-gida, an bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi. Masu wannan rajista in sun shiga ƙauye sukan fara ne da sallama a ƙofar dagaci da mai unguwa, waɗanda da yawansu kakanninsu ne suka riƙe takardar ƙidayar haraji a zamanin En'e.